A bar mutanen ƙauye su shata inda garinsu zai faɗaɗa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridar ga taku in yi magana kan wani abu da ke cin tsofaffin garuruwanmu na kewayen Sakkwato a hankali a hankali, kuma ba a cika jin shi a labarai ba tunda ba harbi ba ne ba kuma siyasa ba. Maganar yankan filaye nake nufi, yadda ake saye gonakin da ke bakin ƙauyukka masu tarihi ana yanka su fuloti fuloti ana sayarwa, babu wanda ya zauna da mutanen garin ya tambaye su ina za a bi ina za a bari.

Duk wanda ya san Sakkwato shekara talatin baya ya san Arkilla da Dambuwa da Mana da Gagi da Kwannawa a matsayin bayan gari, yau kuwa sun zama unguwanni, in kana tafiya ba ka ma sanin inda birni ya ƙare inda ƙauye ya fara. Hanyar Bodinga ta wajen filin jirgi haka, hanyar Wamakko da Kalambaina haka, hanyar Kware haka, hanyar Dange haka. Kuma dalili a fili yake. Ƙidayar 2006 ta ce jihar ga tana da mutum kusan miliyan 3.7, yaran da anka haifa a waccan shekarar, yau su ne ke neman ɗakin aure. Ga kuɗin haya a cikin gari sun fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Ga 'yan'uwanmu na Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da Tangaza da ɓarayin daji sunka raba da gidajensu, sun taso nan kusa suna neman inda za su sa haƙarƙarinsu. To mutane dai dole su zauna wani wuri, ni ban zo in ce a hana gini ba, wallahi mu kanmu muna buƙatar gidaje, a gidanmu ma akwai samari da aure ya tsaya saboda babu inda za a tayar da ɗaki. Abin da nake cewa shi ne mutanen gari su ne ya kamata su fara zama su shata inda garinsu zai nufa, kafin dillali ya shata musu.

Kuma abin ga ba baƙo ba ne gare mu. Garuruwan da nake magana a kai ba haka kawai sunka tsiro ba. Shehu Usmanu ya yi zama a Degel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, bayan an ci Alƙalawa a 1808 ya zo ya zauna Sifawa yana karantarwa kafin ya komo Sakkwato a 1815, Malam Abdullahi kuma yana nan kusa da shi a Bodinga. Ita Sakkwaton kanta Muhammadu Bello ya kafa ta a 1809, daga baya ya gina Wurno ta zama ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, can ya rasu a 1837 kuma can kabarinsa yake. Bello mutum ne da ya damu da yadda ake zaunar da gari, ya kakkafa ribaɗoɗi ya zaunar da mutane a ciki, kuma a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya sa raya ƙauyukka da gina garuruwa da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin aikin shugaba. Malam Abdullahi shi ma ya yi rubutu kan hukuncin ƙasa, wace ce ake iya mallaka ta hanyar raya ta, wace ce hurumin jama'a da ba mai ikon ƙwacewa. Malamanmu na zaure har gobe suna karantar da cewa gari yana da huruminsa inda ake kiwo da itace, rijiya tana da nata, kuma hadisi ya inganta cewa in anka yi saɓani kan hanya a sa faɗinta kamu bakwai. Wannan fa lokacin raƙumi da jaki ne, amma an riga an san hanya haƙƙin kowa ce. To yaya jikokin waɗannan mutane za su wayi gari suna zaune a unguwar da babu inda za a fito da makara?

Ba da ka na faɗi maganar makara ba. Garinmu tsohon gari ne mai ganuwa, ba zan kira sunansa ba don kada a ce da wane nake, amma duk ɗan yankin da ya karanta zai ga kamar nasu ake faɗi. Gabas da garin akwai gonakin gero da mun taso muna gani, shekarun baya magada sunka sayar wa wani mai kuɗi daga birni, shi kuma ya ba dillalai. Na tsaya na ga awon da idona. Mutum biyu ne da igiya da turaku, ɗaya ya ja ɗaya ya kafa, hamsin da hamsin, hamsin da hamsin, yaro na bin su da bokitin siminti yana dasa alama. Da anka zo wajen barin layi sai mai filin ya ce a rage, kowane taku da anka bari kuɗi ne ya tafi. Abin da ake kira awon igiya kenan. Yau an gine wurin, kowa ya ja katangar bulo har bakin iyaka, wasu ma sun ƙara da dakali da ramin masai a waje, layin ya koma lungu wanda amalanken shanu ba ta juyawa. Da anka yi rasuwa a can ciki sai da anka karkata makara kafin ta wuce wata kusurwa. Mace in naƙuda ta kama ta da dare sai dai a rirriƙo ta zuwa bakin titi don mota ba ta shiga. Babu filin makaranta, babu na masallaci sai da wani bawan Allah ya sayi fuloti biyu ya bayar, kwata kuma kowa ya saki tasa ƙofar maƙwabci, abin da ke kai mutane gaban alƙali kenan duk damina.

Sai maganar ruwa, wadda ita ta fi ba ni tsoro. Kowane tsohon gari yana da kududdufi, wato ramin da kakanni sunka haƙi ƙasar gini, kuma ba banza yake zaune ba, nan ruwan sama na gari duka ke taruwa. Yanzu da rani in ya bushe sai ka ga tifa na juye shara da ɓaraguzai a ciki, kafin shekara ta kewayo an ce fuloti ne, an sayar wa baƙon da bai taɓa ganin wurin a watan Agusta ba. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In ya zo ya tarar an toshe sai ya koma cikin tsohon gari, inda gidajen ƙasa suke, gidajen talakawa da tsofaffi, ya jiƙa gindin katanga ta zube. Mu da munka ga ambaliyar 2010, wadda ta cinye garuruwa a ƙasar Goronyo da Wurno da Kware har ta yanke hanyar zuwa jami'ar Ɗanfodiyo, bai kamata a ce sai an yi mana wa'azi kan gini a hanyar ruwa ba.

Burtali ma haka, an toshe shi da gini, makiyayi ya taso da shanu zuwa mashaya ya tarar babu hanya sai ta cikin gonar mutane, daga nan rigima ta tashi, kuma mun san inda irin wannan rigima ta kai wasu yankunan. Fadama kuwa ita ce cikin gari, albasa da tafarnuwa da shinkafa da tumatur da ke riƙe magidanci daga kaka zuwa bazara can suke fitowa, amma an fara cike gefenta ana gini don kawai tana kusa da titi.

Mutane da yawa suna ɗauka ba su da ta cewa, wai ƙasa ta gwamnati ce. Gaskiya ne dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, amma amana ce anka ba shi domin jama'a, kuma ita dokar ta ce a wuraren da ba a ayyana su birni ba ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama irin na gargajiya, ta ma yi tanadin kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ita ma ta kawo maganar hukumar tsare-tsare tun daga matakin ƙaramar hukuma, da cewa in an zana tsari a baje shi jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo. Wato ƙofa a buɗe take, mu ne ba mu shiga ba. Kuma akwai abu biyu da nake so kowane manomi ya sani. Ranar da gwamna ya ayyana yankinku a matsayin birni, maganar fili ta bar hannun ƙaramar hukuma ta koma jiha. Sannan in gwamnati ta karɓi gona don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Saboda haka garin da ya riga ya zauna ya yi tsarinsa ya kai anka sa masa hannu, ya fi ƙarfin magana a kan wanda ya jira sai katafila ta iso.

Mu dai da abin ya ishe mu, ƙungiyar ci gaban garinmu ta roƙi hakimi ya tara mutane, kuma Allah ya saka masa ya tara. Wani yaronmu da ke karatun labarin ƙasa a jami'a ya ciro hoton garin na tauraron ɗan'adam daga Google Earth, anka buga shi babba a shagon kwamfuta, anka shimfiɗa kan tabarma a ƙofar fada anka danne gefensa da duwatsu saboda iska. Da farko tsofaffi ba su gane komai ba, sai da yaron ya ɗora yatsa ya ce Baba ga masallacin Juma'a nan, ga kukar bakin kasuwa. Shi kenan sai baki ya buɗe. Wani dattijo da ba ya ko gani sosai ya ce a ba shi sandarsa, ya bar takardar ya koma ƙasa yana zanawa, nan ƙofar gabas take, nan ta arewa, ruwa in ya taso daga tudu ta bayan marina yake bi ya faɗa rami, in rami ya cika ya tsallaka ta gonar gidan liman ya gangara fadama. Ya nuna wani wuri da mu duk mun ɗauka saura ce kawai, ya ce tsohuwar maƙabarta ce, kakansa na can kwance. Wurin nan kuwa har an fara cinikinsa. Wane safiyo ne zai zo daga ofis da na'urarsa ya san wannan? Ilimin yana kan mutanen da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in ba a rubuta shi yanzu ba an yi hasara.

Abin da munka fara yi a ranar shi ne ware abin da ba na sayarwa ba ko nawa za a biya, maƙabartu tsohuwa da sabuwa da inda za a ƙara ta nan gaba, filin idi, kududdufi da hanyar ruwansa, burtali da mashaya, fadama, abin da ya rage na ganuwa, da manyan itatuwa irin su kuka da tsamiya da gawo. Yaron ya zagaye su da jan biro. Bayan nan ne anka koma kan inda za a yi sababbin gidaje, kowa ya yarda tudun yamma ya fi dacewa tunda fako ne ba ya ba da amfanin kirki kuma ruwa ba ya kwanciya. Ba wai an gama ba ne, har yanzu ana ta ja-in-ja kan faɗin layi, masu gona na cewa ya yi yawa matasa na cewa sai inda mota biyu za su gifta, kuma ni ina bayan matasa a nan. Amma ko ba komai gardamar a gaban kowa ake yin ta tun ba a zuba harsashi ba.

Wani abu da zan ja hankalin duk garin da zai yi irin wannan zama, kada a ce manya sun zauna sun gama. Mata su ne sunka san nisan rijiya da inda yara ke bi zuwa makarantar allo da inda duhu ke da haɗari, kuma su ne aka fi cuta a cinikin gona, sau nawa 'yan'uwa maza ke sayar da gonar gado ba a raba ba, mace na ɗakin miji sai dai ta ji labari, a miƙo mata abin da anka ga dama. A ƙasar da Nana Asma'u ta kafa ƙungiyar mata ta 'yan taru tana aika malamai mata da ake kira jaji ƙauye ƙauye suna karantar da mata, ba mu da hujjar cewa ba mu san yadda za a ji ta bakinsu ba. A yi musu nasu zama a cikin gida, a sa wadda sunka yarda da ita ta kawo abin da sunka ce. A kira arɗo. A kira magina da masu marina da 'yan kasuwa. A kira su ma baƙin da sunka sayi fili da waɗanda gudun hijira ya kawo, don gobe su ne maƙwabta, 'ya'yanmu da nasu makaranta ɗaya za su shiga.

Na san abin da wani zai ce, gonata ce, gadon ubana, in na ga dama in sayar, wa ya isa ya hana ni? Kuma yana da gaskiyarsa. Mutumin da matarsa ke kwance asibiti ko yake da 'ya'ya mata uku da za a kai ɗaki, ba ka isa ka tsaya kana yi masa lacca kan tarihi ba. Ba a ce kada ya sayar ba. Amma shari'a ta hana cuta da cutarwa, kuma yankan da zai tura ruwa gidan maƙwabci ko ya toshe hanyar jama'a cuta ce ko da a cikin gonarka ka yi shi. Dabarar da nake ganin za ta fisshe mu ita ce masu gonakin da ke maƙwabtaka su haɗa su wuri ɗaya a auna gaba ɗaya, a fitar da hanyoyi da filin makaranta da asibiti da masallaci daga jimlar, abin da ya rage a raba fuloti gwargwadon girman gonar kowa. Ta haka ba mutum ɗaya ne hanya za ta cinye gonarsa shi kaɗai ba, kowa ya ɗan taɓa. Kuma duk dillali ya san fulotin da ke kan layi mai faɗi da takarda ya fi na lungu tsada, don haka abin da ka bari a hanya yana dawo maka a farashi. Sannan a yi yarjejeniya cewa wani kaso na fulotan za a fara tallata wa 'ya'yan gari a kan farashin da za su iya, ko da biya kaɗan kaɗan ne bayan kaka. In ba haka ba za mu ga abin da ya faru a wasu wurare, mai kuɗi ya sayi fuloti ashirin ya kewaye ya tafi abinsa yana jiran su yi tsada, ɗan gari kuma na haya a garin ubansa.

Cikin tsohon garin kuma a yi hattara da rushe-rushe. Ba duk ginin ƙasa ne alamar talauci ba. Wanda ya taɓa shiga soron tubali mai rufin azara a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ya fito ya shiga ɗakin bulo mai kwano, ba sai an yi masa bayani ba. Tsohon masallaci da zauren fada da gidajen malamai in sun tsufa gyara suke so, a nemo maginan gargajiya tun suna da rai su yi yaɓe su koya wa yara. In masallaci ya yi kaɗan a gina sabo a sabuwar unguwa a bar na da yadda yake. Ganuwa kuwa a daina ɗibar ƙasarta ana buga bulo, abin na ci mini rai ƙwarai, wata tsaf an kwashe ta a amalanke sai dai a nuna maka da baki a ce nan take da. Hukumar tarihi ta Waziri Junaidu da malaman tarihi na jami'a za su iya taimakawa wajen rubuta abin da kowane gari ke da shi, in mutanen garin sunka gayyace su.

Haɗarin da ke cikin wannan tsari shi ne kwamitin da anka kafa ya rikiɗe ya zama shi ne babban dillali, wannan kam yana iya faruwa in anka yi sake. Maganinsa kada a bar komai a ɓoye. Taswirar da anka amince da ita a yi kwafi, ɗaya wurin hakimi, ɗaya wurin liman, ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a liƙa inda kowa zai gani. Duk cinikin fili a rubuta shi a littafi a karanta bayan sallar Juma'a, wane ya sayar wa wane, a wuri kaza. Ɗan kwamiti kada ya yi dillanci muddin yana kan kujera, kuma a riƙa sauya su. Ɗan abin da za a cire daga kowane ciniki a zuba asusun gari don kwalbati da rijiyar burtsatse, a riƙa faɗin abin da ya shiga da abin da ya fita.

Roƙona ga iyayenmu uwayen ƙasa da hakimai, Allah ya ja zamaninku, ku daure kada ku sa hannu a takardar cinikin gonar da za a yanka sai an nuna muku inda hanya da magudanar ruwa za su bi. Shugabannin ƙananan hukumomi, tunda kotun ƙoli ta yanke hukunci a 2024 cewa kuɗinku su riƙa zuwa hannunku kai tsaye, ku ware ɗan wani abu ku ɗauki safiyo da masanin tsara gari da za su riƙa zagayawa ƙauyukka suna mayar da zanen jama'a taswirar da hukuma za ta karɓa, kuɗin bai kai na kwalbati guda da ruwa zai kwashe ba. Ma'aikatar filaye da hukumar tsara birane ta jiha kuma su buɗe hanya mai sauƙi da gari zai kawo tsarinsa a duba a gyara a sa hannu, ba tare da an yi ta kai da komo har mutane su gaji ba. 'Yan bokonmu da ke zaune Sakkwato da Kaduna da Abuja, masu zuwa gida sai da sallah, ku ne kunka san ƙofofin ofisoshin nan, ku ɗauki wannan ya zama naku aikin. Kuma a yi shi kafin a cire amfanin gona, don da zarar an kwashe karan gero masu igiya ke shigowa.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
daga wani tsohon gari a kewayen Sakkwato.